Kamu Biyu da Taƙi

Tsafe, 2 ga Maris, 1955

Daga Malam Jibril, malamin dabbobi na Tsafe, zuwa ga taubashina Lawwali, mai gyaran keke da babur a Sabon Gari, Gusau.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Binta da yara. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya fara. Uwargida Sa'adiya cikinta ya kusa shiga wata tara. Ƙafafunta sun ɗan kumbura, amma tana cin abinci tana kuma yi mini faɗa, saboda haka na san da sauƙi.

Bayan haka, wannan takarda kai kaɗai za ka karanta ta, ba a bakin rumfarka inda marasa aikin yi ke taruwa ba.

Ka san babur ɗina, ka kuma san tsawona, tun da kullum sai ka ɗaga kai kake gaishe ni. Ƙahon tuƙin da ya zo da shi gajere ne, in na hau sai na duƙa, har bayana ya fara ciwo. Wani tsoho Jibo da nake yi wa shanunsa allura wajen Kucheri ya tambaye ni, wai me na yar ne da nake ta nemansa a ƙasa tun daga Tsafe. Wannan magana ta tsaya mini a rai. Sai na tafi 'Yandoto wajen Ahmadu maƙeri, ya lanƙwasa mini bututun ƙarfe, ya yi mini sabon ƙaho dogo mai faɗi kamar na farin sa. Yanzu ina zama a miƙe irin na mutum mai muƙami, bayana kuma ya huta.

Abu ɗaya ne ya rage. Wayar totur da ta kuloci sun isa, amma wayar birkin gaba ta ƙi kaiwa. Ahmadu ya bi da ita ta gefen tanki, ya zagayo wuyan babur, ya ja ta da ƙarfi har ta shiga. In ina tafiya sosai ba komai. In na karya dama ba komai. Amma in na karya hagu da kyau, wayar sai ta ɗaure, birki ya kama da kansa, tayar gaba ta tsaya cak, ni kuwa ban tsaya ba. Sau biyu ke nan ina sauka ta saman ƙaho, sau ɗaya cikin gonar rogo. Yanzu daga gidana zuwa ofis, tafiyar da mai ƙafa ke yi kafin ya gama cin goro, sai na zagaya bayan kasuwa, don duk kwanar da zan yi ta zama ta dama.

Ina so ka yanko mini sabuwar waya da kubenta, tsawon kamu biyu da taƙi. Na auna da kaina. Ka ba Bashiru gadin jirgin ƙasa ya kawo mini kafin ran Jumma'a ta sama, don na aika wa Gwaggo Hajjo a Bungudu cewa ran nan zan zo in gaishe ta, mu sa ranar da za ta taho. Ka san Sa'adiya ba ta da uwa, ka kuma san yadda aka yi da na farin, bai kai suna ba. Ta ce a wannan karon ba hannun da zai taɓa ta ko ya dafa mata ruwan wanka sai na Gwaggo.

Ka rantse ba za ka gaya wa kowa zancen hagun nan ba. Wasalam.

*

Sabon Gari, Gusau, 7 ga Maris

Zuwa ga Malam Dogo, mai ƙaho biyu a Tsafe.

Na gaishe ka, na gai da Sa'adiya, Allah Ya raba lafiya. Mu ma kalau muke. Binta ta yi ciwon haƙori, an cire, yanzu magana ta dawo mata har da riba.

Takardarka ta iso, na karanta ni kaɗai kamar yadda ka ce. Sai dai dariyar ce ban iya yi ni kaɗai ba, har maƙwabcina tela ya leƙo ya ga ko lafiya. Na rantse ban gaya masa ba, kuma ba zan gaya wa kowa ba.

Malam, shekara goma sha ɗaya kana yi wa shanu allura, ban san abin zai kai ka ga sha'awar ƙahonsu ba. Kuma da taubashinka mai sana'a yana raye, ka kai babur wajen mai ƙera fartanya. Ahmadu mutumin kirki ne, amma abin da ya sani game da birki shi ne a ce wa jaki tsaya.

Ga waya nan a hannun Bashiru. Na yanke ta kamu biyu da taƙi cif, na narka mata dalma a kai biyu, na ɗura mata mai a cikin kube. In za ka sa, fara da kan da ke shiga hannun birki, sannan na ƙasa. Kada ka bi da ita ta gefen tanki yadda maƙerinka ya yi. Ta sauko ta gaban wuya, ta bi ƙafar taya, yadda duk inda ƙaho ya juya za ta bi shi. In ka gama, ka juya ƙahon ƙarshen hagu da ƙarshen dama, ka tura babur ka gani ko taya na tafiya. In abin bai yi ba, kada ka hau shi zuwa Bungudu. Akwai motar lodi.

Ka gaida Gwaggo in ka je. Ka ce mata gajeren nan yana nan tafe da man ƙafa da ta ce. Naka, Lawwali.

*

Tsafe, 14 ga Maris

Zuwa ga Lawwali.

Ina gaisuwa, don gaisuwa wajibi ce ko ga wanda ya cuce ka. Sa'adiya lafiya, amma kwana uku ke nan ba ta yi mini faɗa ba, ba ta yi mini magana ba ma sam.

Wayarka ta iso ran Alhamis. Na kwance tsohuwar, na shimfiɗa su biyu a kan tabarma. Lawwali, tsawonsu ɗaya, ko ƙwayar gero babu tsakani. Na auna taka da hannuna, kamu biyu ne babu taƙi. Sai a lokacin na tuna da wane irin hannu aka auna ta. Kamunka biyu da taƙi shi ne kamuna biyu. Wato na jira kwana takwas don a aiko mini da abin da nake da shi.

Na san ka ce in hau mota. Amma na riga na aika wa Gwaggo cewa a kan babur zan zo, kuma duk Bungudu an ji. Na mayar da tsohuwar waya yadda take, na ce ai hanya miƙaƙƙiya ce, zan lallaba. Na wuce ta Gusau ban biyo ba, don lungunka hagu ne.

Na isa an sauko daga masallaci, dattawa na zaune a gindin tsamiya. Ka san lungun Gwaggo, daga tsamiya hagu ne. Na yi dabara, na wuce gaba har filin makaranta, na juyo ta dama, lungu ya koma hannun dama, na shige lafiya. Abin da na manta shi ne kwanar ciki, wadda ke gab da ƙofarta. Ita ma hagu ce, kuma matsattsiya. Ina isowa na hango Gwaggo tsaye a bakin zaure da sabon zanen da na aika mata, an shimfiɗa tabarma, maƙwabta sun fito. Tsakanina da ita bai fi taku goma ba. Na ga in na karya, a gabanta zan kife da babbar riga. Sai na ɗaga mata hannu na miƙe sosai.

Hanyar ta fitar da ni bakin fadama. Na zagayo, na sake shigowa, ina cewa wannan karon zan buɗe kwanar da faɗi. Amma lungun ya yi wa ƙahon kaɗan. Na sake ɗaga hannu na wuce. A karo na uku yara na bina da gudu, wani daga gindin tsamiya yana kira, "Malam, gidan bai tashi ba, yana nan inda ka bar shi!" Gwaggo kuwa ta daina amsa hannun. Da na fita fadama karo na uku ban iya komowa ba, na kama hanyar Tsafe.

Na san za ka ce me ya hana ni sauka in tura. Ni ma na tambayi kaina tun daga Bungudu har gida. Malamin dabbobi, a garinsu, ran Jumma'a, yana tura babur kamar mai kora jaki? A lokacin na ga abin ba zai yiwu ba. Yanzu kuwa ban san me na gani ba.

Jiya direban mota ya kawo ƙunshi. Zanen ne, a naɗe, ba takarda. Ya ce tsohuwar ta ce a gaya mini in nemi mai dafa ruwa a Tsafe. Wallahi tsoro nake ji, Lawwali. Matar nan ita ta goye ni da uwata ta rasu, kuma ka san in ta ce a'a ko ruwan sama ba ya jiƙa ta.

Ka yanko wata wayar. Tun da hannunka ba abin dogaro ba ne, igiyar da na ɗaure takardar nan da ita ita ce awon. Ka kwance ta a hankali, kada ka yanke. Jibril.

*

Gusau, 19 ga Maris

Zuwa ga Malam Jibril, mai ɗawafi a Bungudu.

Gaisuwa da fatan alheri. Mu lafiya. Ka ce wa Sa'adiya Binta na gaishe ta, tana kuma bayanta.

Zancen kamu, ka ce kamu, ba ka ce kamun wa ba, ba ka kuma aiko da hannunka ba. Da wanda Allah Ya ba ni na auna.

Zancen igiya kuma, ina da tambaya. Mutum mai ilmi, wanda ya yi makaranta har Katsina, ya ɗaure takarda da igiya zagaye shida, ya yi mata ƙulli irin na ɗaure bijimi, sannan ya rubuta kada a yanke a can ƙarshen takardar, a ciki. Ta ina zan karanta? Na sa wuƙa. Kafin in kai layin ƙarshe igiyarka ta zama gutsure bakwai, ɗaya kuma tela ya riga ya ɗaure bakin buhu da shi. Na ƙulla shida na auna, ta fi ta farko gajarta.

Ba zan sake yanke waya da ka ba. Ga yadda ake yi. Ka ɗora cikin babur a kan turmi har tayar gaba ta bar ƙasa ta saki jiki, don in ta faɗa rami haka take miƙewa ta ja waya. Ka juya ƙaho har ƙarshe. Sannan ka auna daga hannun birki, ta gaban wuya, zuwa inda waya ke kama birki a taya, ka ƙara yatsu huɗu don ta samu sararin lanƙwasa. Kada ta yi yawa kuma, ta riƙa kama ƙaya. Ka aiko da awon a jikin abin da ba ya miƙewa, ba ya tsukewa, ba ya kuma kama da abin ɗauri.

Na je Bungudu ran Laraba na kai man ƙafa. Garin ya kasu biyu. Wasu sun ce ka zo ne ka nuna wa Gwaggo ka girma, ka wuce ta sau uku don kada ta ce ba ta gani ba. Wasu sun ce babur ɗin na da aljani wanda ba ya son ƙofar da ke duban gabas. Ni kuwa rantsuwarka ta ɗaure mini baki.

Gwaggo ba ta yi faɗa ba, abin da ya dame ni ke nan. Tana kaɗi, ta ce mini zakara ta yanka ran nan, wanda take kiwo tun kaka. Ta ce ta raba wa maƙwabta, ita ba ta ci ba. Da na ambaci Sa'adiya sai mazarin ya tsaya a hannunta, amma ba ta ɗago ba.

Malam, wasa wasa ne, amma ka warware ni daga rantsuwar nan, ko ka rubuta mata gaskiya da kanka. Girman kai rawanin tsiya ne, kuma cikin Sa'adiya ba zai jira waya ba. Ga takarda nan ta sa Asabe maƙwabciyarta ta rubuta maka, wadda ke zuwa ajin yaƙi da jahilci. Ban buɗe ba. Lawwali.

*

Bungudu

Ni Asabe na rubuta, amma bakin Gwaggo Hajjo ne. Ta ce kada in gyara.

Jibrila, ina gaishe ka. Ina gaida ɗiyata Sa'adiya, ita ba ta yi min komi ba. Ƙahwata na nan yadda ka sani.

Ina tambayarka, mi na yi maka? Ni na goye ka har ƙahwahunka na jan ƙasa, don tun kana yaro ba ka da iyaka. Ni na koya ma tahiya, daga bakin turmi zuwa bakin rijiya. Da anka kai ka makaranta, ni na bi mota da ƙahwa har bakin gulbi ina kuka. Ran nan na tsaya bakin zaure gaban mutane awa amarya, kai ko ka maishe ni abin ɗaga ma hannu, awa mai tsaron shingen jirgi.

An ce ƙarhen naka aljani gare shi. Ban yarda ba. Ko da aljani gare shi, su ƙahwahun da na koya ma tahiya, su ma aljanin ya kama su? Zumunta a ƙahwa take, haka munka taras. Ba mu ji an ce a taya take ba.

Ba ni zuwa gidan da mai shi ya ga ƙohwata sau uku ya wuce. Iyakar magana ke nan.

Ni Asabe na ƙara nawa. Malam, ta haɗa sabulun salo da kanwa da ganyen wanka tun watan jiya, suna nan cikin ƙwarya, ba ta kwance ba.

*

Tsafe, 24 ga Maris

Zuwa ga Lawwali, da gaisuwa.

Sa'adiya na nan da nauyi, ungozoma ta ce ko yau ko jibi ko mako. Na karanta mata takardar Gwaggo. Ta fi ni fahimtarta. Ta ce, "Malam, kai ka fi son a ce ba ka da kunya da a ce ba ka iya babur ba."

Ban warware ka daga rantsuwa ba. Ba takarda za ta gyara wannan ba, ni zan je da kaina in faɗa da bakina. Amma sai an sa wayar, don ba zan koma garin nan da babur mai zaɓen hanya ba.

Na yi yadda ka ce. Na ɗora shi a kan turmin Sa'adiya, ta ce ko turmin ma bai tsira ba. Na juya ƙaho, na auna, na ƙara yatsu huɗu, nawa ba naka ba. Na samo karan dawa miƙaƙƙe na yanke shi daidai tsawon. Kara ba ya miƙewa, ba ya tsukewa, ba a kuma ɗaure buhu da shi. Ga shi nan a hannun Bashiru. In ka iya ɓata wannan ma, to ka bar sana'ar ka koma sayar da gyaɗa.

Ka hanzarta, don Allah. Jibril.

*

Bungudu, 2 ga Afrilu

Zuwa ga Lawwali maci amana, wanda aka ce mini yana zaune a gidana a Tsafe yana cin tuwona.

Ina gaisuwa daga kwance. Kafin komai, yaya Sa'adiya? Ka ba direban nan amsa yau, kada ya juyo hannu wofi.

Wayarka ta iso ran Talata, kuma gaskiya ɗaya ce, ta yi. Na sa ta ta gaban wuya yadda ka ce, na daidaita ta har hannun birki ya rage ɗan wasa kaɗan kafin ya kama. Na juya hagu, taya na tafiya. Na yi hagu sau tara a filin ofis har masinja ya tambaya ko wani abu ya faɗi. Jiya Jumma'a da sassafe na kamo hanya.

Na iso gindin tsamiya daidai lokacin da na iso wancan karon, dattawan nan na zaune, kamar ba su tashi ba tun ran nan. Babur na iya hagu yanzu, ni ma na sani. Amma maganar ƙafa ta tsaya mini. Na kashe inji, na sauka, na cire takalma na rataya a ƙaho, na yi sallama. Na ce musu, "Ran nan ba raini ba ne. Na sa wa babur ƙahon da ya fi ƙarfin wayarsa, ba ya karya hagu, na ji kunyar turawa." Liman ya ce, "Allah Ya kyauta, Malam. Bismilla, tura."

Na tura. Lawwali, ka san yashin lungun nan, ka kuma san nauyin abin. Rana a tsaka, babbar riga, mutane na biye da ni a hankali kamar masu rakiya. A kwanar ciki ƙahon ya maƙale a danga, sai da na ɗaga gaban. A nan na ji wani abu ya ce ƙas a bayana, bayan nan da na yi duk wannan don ya huta. Haka na ƙarasa a duƙe, na durƙusa a bakin zaure, na yi sallama sau uku, na fara ba da haƙuri da ƙarfi don ta ji daga ciki. Na kai wajen goyo da koyon tafiya, sai Asabe ta leƙo ta katanga ta ce, "Malam, ai Gwaggo tun jiya ta tafi Tsafe ita da Lawwali."

Duk wanda ke gindin tsamiyar nan ya sani. Da idonsu suka ga ta hau mota da ƙwaryarta. Ba wanda ya ce mini uffan. Da na tambayi Liman, sai ya ce bai ga ya kamata ya katse wa mutum aikin lada ba.

Yanzu ina kwance a zauren Gwaggo, ba na iya miƙewa, mijin Asabe na gasa mini baya da tsumma. Ka gaya mini yadda aka yi ta yarda, da abin da ka faɗa mata, bayan ka rantse. Jibril.

*

Tsafe, 3 ga Afrilu

Zuwa ga Malam Jibril, a zauren Gwaggo.

Albishirinka. Sa'adiya ta sauka jiya Asabar da hantsi, mace, lafiya lau ita da uwar. Muryarta kuwa har ofishinku. Goron albishir ka riƙe, na riga na ci tuwonka.

Rantsuwa na karya, zan yi kaffara, amma karanka ne ya jawo. Ran Laraba Gwaggo ta shigo Gusau sayar da zare, ta biyo rumfata ta huta. Karan na jingine a bango, an yanke shi tsaf kai biyu. Ta ce, "Wanga hwa?" Ni kuma ban yi tunani ba na ce, "Awo ne, daga Tsafe aka aiko." Malam, sai na ga tsohuwar nan ta sulale ta zauna a ƙasa cikin baƙin mai, tana salati. Ka manta abin da ake aunawa da kara a kai wa masu haƙa kabari? Ni ma na manta, sai da na ga fuskarta. Ga shi gajere, ga gidan da ya fito da mai ciki.

Na rantse mata awon waya ne, ta ƙi ji. Dole na ɗauko takardunka na karanta mata tun daga gonar rogo. Da na kai wajen ɗaga hannu ta fara dariya da hawayen a fuska, har tela ya kawo mata ruwa. Ta karya karan ta jefa a wutar dalma. Washegari muka je Bungudu ta ɗauko ƙwarya, muka kwana Gusau, ran Jumma'a muka hau jirgi. Ina jin wajen da jirgin ke bin gefen hanya mun hango wani dogo a kan babur ya nufi Gusau a miƙe kamar an haɗiye tabarya. Na ce mata ko in yi kira. Ta ce in bar shi, yana da saƙo a Bungudu.

Na rubuto maka tun ran Laraba cewa ka zauna gida. Takardar ta iso nan tare da mu, a aljihun Bashiru.

Ga Gwaggo nan a kaina, ta ce in rubuta, kada in gyara.

Jibrila, sannu da baya. Direba ya ba mu labari tun kahin a buɗe takardarka, ya ce har Gusau ana zancen. Na yahe ma tun a rumhwar gajeren ga. Amma da na san za ka tura, da na tsaya na gani, don haka wata rana ka sake min. Kuma in ka ƙara hidda karan awo daga gidan mai ciki, ni da kai ta.

Suna ran Asabar. Sa'adiya ta ce sunana za a sa, a riƙa kiranta Uwani, na ce sai uban ya zo ya hwaɗa da bakinai. Ka bar ƙarhen nan a zaure, ka hau mota awa kowa. Lawwali ya ce in bari ya auna ma ita da kamunai ya rubuta, don ka san ko tsawonka ta ɗauko. Na buge mai hannu. Ba a aiko da awon ta ba. In kana son ka sani, taho ka ɗauke ta.